Ƙwaryar Yaya ba ta shiga talabijin ba

Daga wurin Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, mai wanka da wadda ake wankewa duk hanyarsu ɗaya. Yayata ta riga ni ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na Gangaren Tudu, kanta bisa cinyata. Allah Ya yi mata rahama, Ya sa ta huta.

Kafin a kira azahar tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Mata sun zo daga Yara, unguwar da aka haife mu, wasu kuma sun hau mota tun daga Garaku. Wata tsohuwa da suka yi gaɗa tare suna 'yan mata ta tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce da ƙarfi, "Ta yi mini alkawari ita za ta wanke ni! Yanzu a hannun wa ta bar ni?" Matar liman ta kama ta ta zaunar. Maman 'Yan Biyu, matar bakaniken da ke haya a bayan gidanmu, mutumiyar Kudu, ba ma addininmu ɗaya ba, ita ce ta fara isowa. Ta share tsakar gida, ta cika randuna, sannan ta zauna a dokin ƙofa tana kuka babu sauti. Can sai wata bazawara mai baki ta hango talabijin ɗin Yaya a lulluɓe da zane, ta ce, "Yau dai mutanen cikin akwati sun huta." Dariya ta kuɓuce wa mata, suna toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Ban tsawata wa kowa ba. Da Yaya na zaune, da ita za ta fi kowa dariya.

Da abu biyu aka san ta a garin nan. Na farko, ita ce ke wankan gawar mata a unguwarmu da kewaye, sama da shekara arba'in. Na biyu, ba ta taɓa yarda da mutanen talabijin ba, kuma ba ta taɓa fasa kallonsu ba.

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. Surukata, malamar firamare, ita ke riƙe da biro, na kuwa hana ta gyara mini magana. Ba za ku ga sunan kowa a takardar nan ba, in kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, babban ɗan Yaya ya kira ni zaure. Ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, "na Abuja" take ce masa saboda can yake aikin gwamnati, ni ma haka zan ce.

Ya ce, "Inna, na yi magana da mutanen talabijin. Ranar sadakar bakwai za su zo su yi shiri a kan Hajiya. Su ɗauki ɗakinta da ƙwaryar wankanta, su yi hira da waɗanda ta wanke wa iyaye."

Na ce, "Wa zai zo?"

"Matar nan mai shirin taimakon jama'a na ranar Lahadi."

"Mai Hankici?"

"Haba Inna, ki daina kiranta haka. Babbar mace ce, gwamnoni ma layi suke bi kafin su gan ta."

Na ce, "Uwarka ta hana. Da bakinta ta bar mini wasiyya."

Ya cire hula ya shafa kansa, idonsa ja. "Inna, hoton uwata guda ɗaya ne a duniya, na fasfon zuwa Makka, shi ma ta ɗaure fuska. In jikokina suka tambaye ni wace ce ita, me zan nuna musu? So kike a manta da ita?"

Ɗa ne mai zafin rashin uwa, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Amma daga wannan rana zuwa bakwai, abu ɗaya ne a zuciyata: ko in tsaya a kan maganar Yaya in ɓata da ɗanta, ko in bar kyamara ta shigo gidan da ta ce kada ta shigo. Don ku fahimci nauyin abin, sai na ba ku labarin Yaya da akwatin nan.

Na Abuja ne ya kawo shi, da satalayit ɗinsa, ya kafa a kan kwano. Kada wani ya zaci Yaya irin tsofaffin nan ce masu yafa mayafi don suna tsoron mai labarai yana ganinsu. Ta sani sarai ba sa ganinta. Abin da ke damunta shi ne, su ba sa ganin kowa, amma suna magana kamar sun san ka. In mai gabatarwa ya ce, "Masu kallonmu a gida, muna ƙaunarku," sai ta ce, "To faɗi sunan uwata." Sai ta jira. "Kin gani? Shiru."

Tana da dabararta. In shiri ya ɗauki zafi, sai ta danna rimot ta kashe murya, ta matso da kujera. Ta ce baki an koya masa abin faɗa, amma an manta ba a koya wa sauran jiki ba. Ba mai magana take kallo ba, mai tambaya take kallo a lokacin da baƙonsa ke ba da amsa. "Dubi idonsa. Ba saurare yake ba, jira yake ta gama ya ci gaba. Kin ga ƙafarsa tana rawa? Yunwa yake ji."

Babu wanda ya tsira. Mai karanta labarai, ta ce ba za ta ba shi ajiyar ko allura ba, tunda zai iya faɗin mutane sun mutu a hanya, ya juya takarda, ya yi murmushi ya shiga maganar ƙwallo. Mai shirin girki, ta ce macen da ke da farce kamar na shaho ba ita ta yanka albasar nan ba, kuma tun da aka fara shirin ba a taɓa ɗanɗana miya aka ce gishiri ya yi yawa ba, wace irin tukunya ce wannan? Akwai wani mai wa'azi da kullum hularsa daban, ga lambar waya na gudu a ƙasan gemunsa. Shi ba ta zage shi ba saboda ayoyin da ke bakinsa, sai dai in ya fito takan ce, "Allah Ya sa abin da ke cikin hular ya kai hular kyau." Mai faɗin yanayi kuwa, in ya ce gobe za a yi ruwa, ranar take shanya garinta.

Mutum ɗaya ta yarda da ita a duk cikin akwatin: 'yar matar nan da ake sa wa a lungu, cikin ɗan zagaye, tana yi wa kurame bayani da hannu. Yaya ta ce, "Wannan ita ce mai aiki. Ba a faɗin sunanta, ba a tafa mata, kuma in ta yi ƙarya waɗanda take yi dominsu za su gane." In matar ta fito har sannu take yi mata.

Ban yi mamakin haka ba, don irin aikinta ke nan. Wankan gawa aikin lungu ne. In an aiko, ko tana tsakiyar cin abinci, sai ta wanke hannu ta ɗauki ƙwaryarta, wata tsohuwar ƙwarya da ta yi baƙi don daɗewa, an ɗinke ta wuri biyu, da ludayi da ganyen magarya da kafur. Ba ta wanka da ruwan sanyi, sai an ɗan ɗumama. Tana naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi aikinta a ƙarƙashin zane, kuma tana yi wa mamaciya magana kamar mai jinya: "Sannu baiwar Allah, za mu juya ki dama. Yi haƙuri, saura kaɗan." Surukata ta shekara goma tana zuba mata ruwa, ita ta ba ni wannan labari, don ni zuciyata ba ta ɗaukar ɗakin. Amma abin da Yaya ta gani a jikin mata, tabon duka ne, ciwon da aka ɓoye ne, cikin da ba a sani ba ne, ko ni da muka sha nono ɗaya ban taɓa jin kalma guda ba. In ta dawo na ce, "Yaya, ya kika same ta?" sai ta ce, "Na same ta tana bukatar addu'a. Miƙo mini buta."

Mace irin wannan, da ta ga kukan gidan mutuwa iri-iri, ba a yi mata kukan wasa. Ta ce kukan gaske ta hanci yake fara zuwa, yana ɓata fuska, kuma mai shi lungu yake nema. Shi ya haɗa ta da Mai Hankici.

Ita wannan mata kowa ya san ta, har a jikin motoci ana manna hotonta. Duk Lahadi bayan la'asar takan je gidan wani mai larura, ta zauna kusa da shi, ya ba da labarinsa, ta fito da farin hankici ta ɗan dangwala ƙarƙashin ido, sannan ta roƙi jama'a su taimaka. Ni kam, ba zan ɓoye ba, ina son ta. Tana kuka ina kuka. Yaya kuwa sai ta kashe murya. "Dubi. Shekara nawa tana kuka, kwallinta bai taɓa zuba ba. Hankicin nan bai taɓa zuwa hanci ba. Kuma ki lura, sai ta juyo inda ake ɗaukarta hawayen ke zuwa. Sannan ki dubi wuyan rigarta, kin ga ɗan baƙin abin nan kamar ƙwaron wake? Shi ke ɗaukar magana. Duk wanda ya zo maka da kunne na uku a ƙirji, ba hira ya zo yi ba."

A kanta muka yi faɗan da ya fi kowanne tsawo tsakanina da Yaya.

Ɗaya daga 'yan biyun maƙwabciyarmu, macen, ƙari ya fito mata a wuya, yana girma har numfashi na yi mata wuya. Asibiti suka ce sai an yi aiki, uban kuwa abin ya fi ƙarfin garejinsa. Ni ce na ce wa Maman 'Yan Biyu ta kira lambar shirin. Ni ce, kuma ko yau aka dawo da ranar zan sake. Suka zo da mota biyu. Unguwa ta taru kamar ana rabon nama. Muna tsaye muna gani suka fitar da kujerun ɗakin da firij suka jera a bayan gida, suka shimfiɗa tsohuwar tabarma. Maman 'Yan Biyu ta yi ado da atamfarta ta zuwa coci don za ta fito a talabijin, suka ce ta cire ta ɗaura zanen da take wanki da shi. Ta fara ba da labari, kuka ya ƙwace mata, ta juya bango. Sai mai kyamara ya ce fuskarta ba ta fito ba, a sake.

Yaya ta ratsa mutane ta shiga. Ta ce, "Me za a sake?"

Mai Hankici ta yi murmushi ta ce, "Sannu Mama, aiki muke yi, don a taimaka mata ne."

Yaya ta ce, "Na ji. Kukan ne za a sake? Ke da kike yi duk Lahadi ki ara mata naki mana."

Ni na ja Yaya waje, kunya kamar ƙasa ta tsage. A gida na ce mata ta kusa kashe yarinya da bakinta, in suka yi fushi suka tafi fa? Ta ce ni ce na kai maƙwabciya kasuwa aka kwance mata zane. Na ce mutunci ba ya cire ƙari. Ta ce in fita mata daga ɗaki. Na fita, kuma wata uku ban taka ɗakinta ba. Ni ba na cikin masu saurin ba da haƙuri, ita kuma ta fi ni.

Aka nuna shirin, jama'a suka taimaka, aka yi wa yarinya aiki, ta warke. Yanzu haka tana sakandare, wuyanta sumul sai ɗan tabo. Na so in je in tsaya a gaban Yaya in ce, "To fa?" Amma sai wani abu ya biyo baya wanda ban hango ba. Maman 'Yan Biyu ta daina fita. Tana da teburin kayan miya a kasuwa, ta bar shi. Ashe duk inda ta bi nuna ta ake yi, "ga matar nan mai kuka a talabijin." Danginsu na can Kudu sun gani, suka yi ta kiran mijin, wai ashe a tabarma yake kwantar da 'yar mutane, ashe bara suke yi a Arewa. Aka yi ta maimaita hoton kukanta a tallar shirin wata da watanni, ita da zanen wankinta.

Ranar wata kasuwa da safe na leƙo, sai ga Yaya a ƙofar Maman 'Yan Biyu, ta sha lulluɓinta na zuwa biki. Ina ji tana cewa, "Fito. Sa atamfar nan da suka ce ki cire."

"Mama, abeg, ba na iya. Mutane na dariya ni."

"Su yi. Ni na wanke iyayen rabinsu, in ga wanda zai buɗe haƙori a gabana."

Ta riƙe hannunta tun daga Gangaren Tudu har kasuwa, a ƙafa, ba ta yarda sun hau babur ba. Ta zauna a gefen teburin wuni guda tana gyara tattasai, tana kallon duk mai zuwa cikin ido. Kwana uku ta yi haka. A na huɗu ta ce ƙafarta na ciwo, ta aiko a kira ni in karɓe ta. Shi ke nan sulhunmu, ba wadda ta ba wata haƙuri. Daga baya, muna tsinkar zogale, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yarinya ta rayu, wannan naki ne. Amma da za su iya taimakonta ba tare da sun fitar da kujerun ba." Iyakar abin da na samu daga bakinta ke nan, ni kuwa na karɓa.

Wasiyyar ta zo ne a ciwonta na ƙarshe. Wata rana da rana tsaka ana nuna zaman makokin wani babban mutum, kyamara na yawo a kan fuskokin mata, tana tsayawa a kan duk wadda ta fi kuka. Yaya ta kashe murya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ƙanwata, matso. In na tafi, na san na Abuja, zai so ya yi abin a gani. Kada ki bari a shigo da wannan abin gidana. Za su zaunar da 'ya'yan matan da na wanke, su yi ta tambaya har wata ta faɗi abin da ni na rufe. Za su ce a ɗaga ƙwarya a juya ta. Ƙwaryar nan ta taɓa jikin matan da ko mazansu ba su gan su a haske ba. Kin ji ni?" Na ce na ji. Ta ce, "Ki ce kin ɗauka." Na ce na ɗauka.

To, ranar bakwai ta zo. Tun da sassafe, kafin a ɗora tukunya, na kira surukata da matar liman ɗakin Yaya. Na sauko da ƙwaryar daga inda take rataye, na sa a hannun surukata. Haka ake yi. Ƙwaryar wanka ba ta shiga rabon gado. Daga hannun gwaggonmu ta zo wa Yaya, don ita ta zuba wa gwaggo ruwa, yanzu kuma ta wuce ga wadda ta zuba wa Yaya. Matar liman ta yi addu'a, surukata ta sa ta cikin hijabi ta kai ɗakinta.

Da hantsi, bayan an shafa fatiha, motoci suka tsaya. Na ɗauki kujerata na dasa a bakin ƙofar shiga cikin gida. Na Abuja ya shigo gaba, bayansa Mai Hankici cikin baƙar abaya, bayanta wani dogo da kyamara a kafaɗa. A fili ta fi guntu, kuma ta fi tsufa.

Na Abuja ya ce, "Inna, ga baƙinmu. A fito da ƙwaryar su fara da ita."

Na ce, "Wace ƙwarya? Uwarka ba ta bar ƙwarya ba. Wadda ta yi aiki da ita ta wuce hannun mai ita tun da safe. Je ka tambayi liman ko tana cikin gadonka."

Fuskarsa ta canza. "Inna, a gaban mutane za ki yi mini haka?"

"A zaure na faɗa maka, mu biyu, ba ka ji ba." Na juya wurin matar. Na ce, "Hajiya, in gaisuwa kika zo, ga tabarma, gidan mutuwa ba a korar kowa. Amma wannan dogon da kayansa a waje za su tsaya. Kuma ki cire ƙwaron waken da ke wuyanki."

Hannunta ya tafi wuyan abayar kafin ta yi tunani. Yana nan kuwa, a ƙarƙashin mayafi. Ta dube ni, ta ce, "Mama, na gane ki. Ke ce kika ja ta waje ranar nan."

"Ni ce."

Na zaci za ta juya ta shiga mota, har na shirya abin da zan ce wa mata in ta tafi. Sai ta zare abin, ta zaro wayarsa ta cikin riga, ta miƙa wa dogon. Ta cire takalmi ta shigo. Na Abuja ya tsaya a waje yana huci.

Ta zauna a tabarma cikin mata, ta yi gaisuwa yadda ake yi, muka amsa. Maman 'Yan Biyu na rabon ruwa, da ta zo kanta ta ajiye mata kofi, ta wuce da atamfarta. Matar ta bi ta da kallo, sannan ta sunkuyar da kai. Aka yi shiru irin na gidan makoki, wanda baƙo ke gane lokacin tashi ya yi. Ba ta tashi ba. Can ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni da surukata.

Ta ce, "Mama, in ana wankan, a hankali ake yi?"

Na ce, "Me ya kawo tambayar?"

Ta ce, "Da mahaifiyata ta rasu ina wani gari wurin ɗaukar shiri. Kafin in iso an kai ta. Ban san wadda ta wanke ta ba. Tana da ciwon kafaɗa, ba ta son a ɗaga mata hannu."

Na auna ta da ido. Na duba wuyanta, na duba hannunta, na duba jakarta ko a buɗe take. Sannan na ce wa surukata ta faɗa mata yadda Yaya ke yi, ban da komai na kowa. Surukata ta faɗa mata maganar ruwan ɗumi, da ƙyallen hannu, da yadda ake ce wa mamaciya sannu kafin a juya ta.

Matar nan ta juya fuskarta bango. Kafaɗunta suka kama rawa. Ba hankici, da gefen mayafi ta share hanci, kuma da ta juyo kwalli ya zubo mata har haɓa.

Wallahi ban san lokacin da na waiga hagu ba, inda Yaya ke zama, bakina har ya buɗe zan ce, "Yaya, wannan fa? Na gaske ne?" Sai bango da ƙusar da a da ake rataye ƙwarya.

Ta tashi ta yi sallama. A waje na ji dogon na cewa ko ƙofar gidan kawai su ɗauka, ta ce ya shiga mota. Na Abuja ya koma Abuja ranar bai yi mini sallama ba, ya yi mako biyu bai kira ni ba. Da ya kira, gaisuwa ce a taƙaice. Na ce masa uwarsa ta ce kada a haska ta, ba ta ce kada a ambace ta ba. In yana son abin nuna wa jikoki, zan faɗa a rubuta, shi kuma ya buga a raba ranar arba'in. Sai ya ce, "A sa maganar mai faɗin yanayi." Na ce an sa.

Ƙwarya kuwa ta riga ta fita aiki sau biyu a hannun surukata, kuma da ta dawo na tambaye ta ya ta same su, ta ce in miƙo mata buta.

Game da Mai Hankici, kada ku tambaye ni. Mai yiwuwa kukan gaske ta yi. Mai yiwuwa kuma wanda ya shekara yana sana'ar kuka ya san irin wanda ake yi wa tsofaffi. Wadda za ta iya rabewa tana ƙarƙashin ƙasa. Abin da na sani, na cire zanen da ke kan akwatin Yaya, kuma duk Lahadi bayan la'asar ina zama a kujerarta in kashe murya, ina duba ko ƙofar gidanmu za ta fito, ko labarin wata tsohuwa mai ruwan ɗumi. Har yau ba su fito ba. Ban daina dubawa ba.

Allah Ya jiƙan Yayata. Yadda ta rufa wa matan garin nan asiri, Ya rufa mata nata. Wanda takardar nan ta shiga hannunsa, ba na roƙonsa kuka, ya yi mata addu'a inda ba mai kallonsa.